Gwiwar yaro ta daina ciwo, ejan ya ce gwaji wata mai zuwa: a bar shi ya tafi?

Kocin Kurna: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma don Allah masu sani su yi magana. Akwai yarona mai buga lamba bakwai, shekararsa 18. Kwanakin baya muna wasan sada zumunta, ya ɗauko ƙwallo zai yanke mai tsaron baya, ya dasa ƙafar dama zai juya, sai kawai muka ga ya zube. Babu wanda ya taɓa shi. Shi da bakinsa ya ce ya ji wani abu ya yi ƙas a cikin gwiwar. Kafin isha'i ta kumbura suntum. Mahaifinsa ya kai shi wajen mai ɗori, aka ja, aka shafa magani, aka ɗaure. An yi hoton ƙashi ma, aka ce babu karaya. Yanzu kumburi ya sace, yana tafiyarsa lafiya lau, har gudu yana yi in dai a miƙe ne. Amma in ya zo juyawa da sauri sai gwiwar ta goce masa, ya yi taga-taga. Ga shi wani ejan ya ce akwai gwaji a waje wata mai zuwa. Yaro ya nace, uba ya nace, ni kuma hankalina bai kwanta ba.

Ɗan Barca: Wa alaikumus salam. Koci ka bar shi ya tafi mana, irin wannan damar ba kullum take zuwa ba. A saya masa abin ɗaure gwiwa, ya haɗiyi diclofenac kafin ya shiga fili, shi ke nan. Ibrahimovic ai ya yi wata shida yana bugawa AC Milan babu jijiyar gwiwa, kuma suka ci Seriya A a 2022.

Likitar Gashi: Wa alaikumus salam Koci. Ban ga yaron ba, kuma ba a duba gwiwa ta waya, amma abubuwa huɗun da ka lissafa duk mai aikin gashin ƙashi ya san su: ya faɗi ba a taɓa shi ba, ya ji ƙara, ta kumbura a cikin 'yan sa'o'i, yanzu kuma tana gocewa. Har sai an tabbatar da akasin haka, mu muna ɗaukar wannan a matsayin tsinkewar jijiyar da ake kira ACL.

A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna. Ta gaban ita ce ACL, aikinta ta hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa a ƙarƙashin ƙashin cinya. Tafiya a miƙe ba ta cika buƙatarta ba, shi ya sa kuke ganin kamar ya warke. Yanka, birki da dira daga tsalle su ne aikinta. Kumburin da ya zo da wuri kuwa jini ne ya taru a cikin gaɓar, jiki ya shanye shi a hankali. Sacewar kumburi ba ta nufin jijiya ta haɗe.

Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, ƙashi kawai yake gani. Likitan ƙashi zai kwantar da shi, ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya ya ja ƙwauri gaba da ɗayan, ya ji ko akwai abin da ya tare. Daga nan sai hoton MRI, wanda shi ke nuna jijiya. Tunda kuna Kano, ga asibitin ƙashi na Dala nan kusa da ku.

Likitar Gashi: Ɗan Barca, labarin Ibrahimovic rabi ka kawo. Shi da kansa ya ce a watannin nan ana ta zuƙe masa ruwa a gwiwar, kullum yana kan maganin ciwo, barci ma ba ya samu, atisaye da 'yan kulob ɗin kuwa sai jefi-jefi. Yana gama kakar aka yi masa tiyata. Mutumin da ya haura 40 yana neman kofinsa na ƙarshe, ga likitocin Milan a kansa dare da rana, shi za ka kwatanta da yaro ɗan 18 da bai fara cin abincin ƙwallo ba?

Ɗan Barca: To Dakta, na ji. Amma talauci ma ciwo ne fa.

Jikan Mai Ɗori: Ni abin da ba na so a irin wannan muhawarar, da an fara sai a ɗora wa masu ɗori laifi. Kakana ya ɗora ƙafafun da asibiti suka ce sai an yanke. Tun kafin a gina Dala mutane ke karyewa suna warkewa. Wannan yaron ma wa ya sauke masa kumburin?

Likitar Gashi: Malam, ba na raina kakanka, Allah ya jiƙan magabata. Ƙashi in ya karye aka daidaita shi aka hana shi motsi, yana haɗewa, wannan kowa ya sani. Amma nan babu ƙashin da ya karye. Jijiya ce a can cikin gaɓa, hannu ba ya kai wa gare ta, magani na shafawa ba ya ratsawa ya same ta. Ja da murɗa gwiwar da jijiyarta ta tsinke zai iya ƙara yaga guringuntsin da ke ciki. Ɗaure ta tamau na makonni kuma yana sa cinya ta rame, gwiwa ta sandare. Kumburin kuwa ko ba a yi komai ba zai sauka.

Abu ɗaya da zan roƙi masu ɗori: in aka kawo muku gwiwar da ta goce gaba ɗaya, ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu ba a jin taɓawa, kada ku tsaya ja. Babbar jijiyar jini ce ke bi ta bayan gwiwa, sa'o'i kaɗan ne tsakanin mutum da rasa ƙafarsa.

Jikan Mai Ɗori: Wannan gaskiya ne, shi ma tsohon akwai ciwon da yake cewa ba nasa ba ne. Amma ku ma ku rage tsada. Mutum bai zo wajenmu don ya ƙi ku ba, aljihunsa ne ya kawo shi.

Tsohon Lamba Biyar: Koci, ka nuna wa uban yaron wannan saƙon nawa. Irin wannan ciwon na yi ina saurayi, lokacin ina bugawa wani kulob da ba zan kira sunansa ba. Mai kulob ya ce wasan kusa da na ƙarshe ne, ba za a yi babu ni ba. Aka kira wani ya yi min allura a gwiwar, aka naɗe ta da bandeji, na shiga. Ƙwallon sama ta farko da na tashi na sa wa kai, ina dirowa na ji gwiwar ta koma gefe. Daga baya da aka duba, bayan jijiyar har guringuntsi ya yage. Ina cikin tafiya sai ƙafa ta maƙale, ba ta miƙewa ba ta lanƙwashewa, sai na tsaya a bakin titi ina girgiza ta har ta saki.

Yau ban kai 50 ba, amma a kan kujera nake sallah. Zaman tahiya ya gagare ni. In sanyin hunturu ya shigo, kafin in sauko daga gado sai na yi ta murza ta da man zafi. Mai kulob ɗin kuwa sati biyu bai yi ba ya kawo wani lamba biyar.

Kocin Kurna: Subhanallah. Allah ya ƙara sauƙi Baba.

Ɗan Damagaram: Amin. Dakta tambaya: dole ne sai an yi tiyata? Mu nan in aka ce tiyata sai a fara lissafin tafiya Yamai ko Kano, ga kuɗin mota ga na masauki.

Likitar Gashi: Ba kowa ba. A Suwidin an yi wani bincike da aka wallafa a 2010, matasa 121 masu wannan ciwon. Aka raba su biyu: wasu tiyata nan take, wasu kuma gashi da ƙarfafa tsoka tukuna, in ta ƙi sai a yi tiyatar. Bayan shekara biyar kusan rabin rukuni na biyun ba su buƙaci wuƙa ba, kuma sakamakon rukunan biyu bai bambanta sosai ba. Don haka ɗan kasuwa ko malamin makaranta da zai haƙura da ƙwallon yamma, ya koma keke ko tafiyar ƙafa, sau da yawa gashi ya ishe shi.

Amma yaron Koci ƙwallo yake so ta zama sana'arsa, kuma gwiwar tana gocewa. Kowace gocewa tana cin guringuntsi, shi kuma guringuntsin nan gefensa na waje ne kawai jini ke isa sosai, in ya yage ta ciki da wuya ya haɗe. Irinsa galibi likitoci tiyata suke ba da shawara. Kuma ba ɗinke tsohuwar ake yi ba. Ana yanko wata jijiya daga jikinsa, ko ta ƙasan ƙoƙon gwiwa ko ta bayan cinya, a huda ƙashi sama da ƙasa, a zura ta a kafe. Ta 'yan ƙananan huji ake yi da kyamara.

Ɗan Barca: To in an yi, wata nawa? Ko za a ce wa ejan ya ɗaga zuwa bayan sallah?

Likitar Gashi: Wace sallar? Ka duba waɗanda kake kallo a gidan kallo. Van Dijk ya ji nasa a Oktoban 2020 da Pickford ya afka masa, bai sake buga wasa ba sai wasannin share fage na bazarar 2021. Rodri ya ji nasa a Satumban 2024 a wasansu da Arsenal, da sanduna ya hau dandamali ya karɓi Ballon d'Or, sai watan Mayu ya dawo. Waɗannan mutanen ba su da wani aiki sai jinyar gwiwa daga safe zuwa dare, ga injina ga abinci. Wata tara shi ne mafi ƙarancin da muke faɗa, da yawa sai shekara.

Dalili: sabuwar jijiyar da aka dasa sai ta fara yin rauni a watannin farko kafin jini ya shige ta jiki ya karɓe ta. Daidai lokacin ne kuma ciwo ke ɗaukewa, yaro ya ji garau ya saci jiki ya tafi fili. Wani bincike na haɗin gwiwar Norway da Amurka a 2016 ya nuna duk wata ɗaya da aka ƙara jira, har zuwa wata na tara, haɗarin sake jin ciwo yana raguwa da kusan rabi.

Kuma ba kalanda kaɗai ake dubawa ba. Da farko gwiwa ta miƙe sarai kamar ɗayar, kumburi ya tafi, tsokar gaban cinya ta farka har ya iya ɗaga ƙafar a miƙe yana kwance. Sai keke, sai tsugunno da nauyi. Gudu a miƙe wajen wata na uku ko na huɗu in komai ya tafi daidai. Yanka da tsalle can gaba. Kafin a ce ya shiga wasa, ƙafar da aka yi wa aiki ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ƙarfin lafiyayyar, a auna da tsallen ƙafa ɗaya a ga tazarar. Tiyatar awa ɗaya ce ko biyu, sauran duk gumin yaron ne. Mafi yawan waɗanda nake gani sun lalace, ba a ɗakin tiyata suka lalace ba, zuwa gashi suka daina da suka ga sun ajiye sanda.

Tsohon Lamba Biyar: Kuma a gaya wa yaron ba ƙarshen duniya ba ne. Victor Boniface sau biyu jijiyar nan tana tsinke masa yana Bodø/Glimt a Norway, ya dawo ya ci Bundesliga da Leverkusen a 2024. Ronaldo na Brazil ma, tasa ta ƙasan ƙoƙon gwiwa ce ta tsinke a Inter a shekarar 2000, kowa ya ce ya gama, ya zo Kofin Duniya na 2002 ya ci ƙwallo 8.

Ɗan Barca: Baba ai shi Ronaldon misalina ne. Ya dawo ya ci kofi.

Tsohon Lamba Biyar: Kai yaro, ka san yadda aka yi kuwa? Ya fara jin ciwon a ƙarshen 1999, aka yi masa aiki, ya dawo a watan Afrilu a wasansu da Lazio. Minti goma bai cika a fili ba ta tsinke gaba ɗaya, yana kwance yana ihu. Sai da ya shafe fiye da shekara kafin ya sake buga wasa.

Malamar Wasanni: Sallama gare ku. Na karanta duka, kuma duk maganar bayan ɓarna ake yi. Koci, ba don in ɓata maka rai ba, yaya kuke ɗumama jiki kafin atisaye?

Kocin Kurna: Hajiya kamar kowa. Zagaye fili biyu, a ɗan miƙe ƙafa, a raba riga.

Malamar Wasanni: To nan ne zan yi faɗa. Mafi yawan tsinkewar jijiyar nan ba ƙeta ce ke kawo ta ba, yadda yaro ke dira da yadda yake taka birki ne. Ka tsaya gaban yaranka ka ce su yi tsalle su diro. Za ka ga wasu gwiwoyinsu na faɗawa ciki kamar za su haɗu, ƙafa a sandare, a kan diddige. Waɗannan su ne ke layin jin wannan ciwon. Kuma ana gyara shi.

Akwai tsarin ɗumama jiki da ake kira FIFA 11+, tun 2006 aka fito da shi, minti 20 ne, ba ya buƙatar komai sai ƙwallo da alamomin da za a jera, ko da takalma ne. Gudu a hankali ana buɗe ƙugu, sannan atisayen ƙarfi, sannan gudu da sauri da yanka. A na ƙarfin akwai wanda yaro zai durƙusa, abokinsa ya danne masa ƙafafu ta baya, shi kuma ya riƙa faɗowa gaba a hankali jikinsa a miƙe har sai ya kasa riƙewa ya tare da hannu. Wannan bayan cinya yake ginawa, ita kuma tsokar bayan cinya ita ke taya ACL riƙe ƙwauri. Akwai tsayuwa da ƙafa ɗaya ana jefa wa juna ƙwallo, akwai dogara a kan gwiwar hannu jiki a miƙe, akwai tsugunno, akwai tsalle. Aikin koci a ciki guda ɗaya ne: ya riƙa duba cewa gwiwa tana saitin yatsun ƙafa, kuma a dira a lanƙwashe ba a ji dim ba.

Kada a ce abin Turawa ne. A Legas aka gwada shi a kan ƙungiyoyi 20 na gasar matasa, aka wallafa a 2014. Waɗanda suka yi shi raunukansu sun ragu da kashi 41 cikin 100, na ƙafa kuma da kashi 48. Filayensu ba su fi namu ba.

Ni 'yan mata nake koyarwa, su abin ya fi tsanani, don jijiyar nan ta fi tsinke wa mata ninki biyu ko fiye. Ku tuna Beth Mead da Leah Williamson na Ingila duk ba su je Kofin Duniya na 2023 ba saboda ita. Asisat Oshoala ma gwiwa ce ta fitar da ita daga gasar Afirka ta 2022 a Maroko tun wasan farko, kodayake tata jijiyar gefe ce, wadda takan warke ba tiyata.

Kocin Sabon Gari: Hajiya a takarda yana da daɗi. Mu filinmu ƙungiya uku ke rabawa, daga la'asar zuwa magariba. In na cire minti 20 a awa ɗayata me ya rage? Kuma yaran nan in ba su ga ƙwallo a ƙafa ba gobe ba za su zo ba.

Malamar Wasanni: Ai ba sai a cikin fili ba. Lokacin da kuke tsaye a gefe kuna jiran waɗancan su fito kuna musun Madrid da Barca, a nan za a yi. Sau biyu a mako ma ya wadatar in an dage. Ni nawa 'yan matan gasa na mayar musu, wadda ta fi daɗewa ba ta faɗi ba ita ke zaɓar 'yan ƙungiyarta.

Kocin Sabon Gari: Zan gwada, amma ni har yanzu ina ganin filin ne matsalar. Ƙasa ta bushe ƙaƙas, ga ramuka, ga tsakuwa. Ko wane atisaye ka yi, in ka taka rami ka taka.

Tsohon Lamba Biyar: Da takalmi. Yaro zai je gwanjo ya sayo mai dogayen haƙora na filin ciyawa mai laima, ya zo ya sa a busasshiyar ƙasa ko a kan kafet ɗin nan na roba da ake haya da dare. Ƙafa ta kafe, jiki ya juya, gwiwa ce za ta biya. A irin filinmu mai gajerun haƙora da yawa ya fi.

Likitar Gashi: Duka biyun gaskiya ne, ɗaya ba ya kore ɗaya. A ƙara da gajiya. Yaro ya buga wa unguwa da safe, makaranta da yamma, gobe gasar wani ɗan siyasa, ga tramadol wasu na sha don kada su ji ciwo. Tsokar da ta gaji ba ta kare gaɓa.

Admin: Ɗan Barca na goge hoton da ka turo. Ba a tallan magani a gidan nan, balle allurar gwiwa.

Ɗan Barca: Afuwan shugaba, turo min aka yi.

Kocin Kurna: Na gode ƙwarai jama'a. Na je na sami mahaifin bayan isha'i, na karanta masa saƙon Baba Lamba Biyar. Ya yi shiru, sannan ya ce shi matsalarsa ya riga ya ba ejan rabin kuɗin tafiya, gonar gado ya jinginar. Ya yarda dai a je asibiti a duba, amma bai ce ya fasa tafiyar ba.

Tsohon Lamba Biyar: Ejan da ke karɓar kuɗi kafin gwaji? Koci wannan wata muhawarar ce, a buɗe mata nata zaren. Amma ka gaya masa duk kulob na gaske sai likitansu ya duba yaro kafin a sa hannu, kuma gwiwa suke fara kamawa. Jan ƙwaurin nan da Dakta ta faɗa, a minti ɗaya za su gane.

Kocin Kurna: Dakta kafin ranar asibitin me zai riƙa yi?

Likitar Gashi: Babu ƙwallo, ko ta wasa a ƙofar gida. Babu tsalle, babu yanka, kada a sake ja ko a yi masa tsaga ko ƙaho a wurin. Ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafar, ya sa ƙaramin tawul a naɗe ƙarƙashin diddige, ya matse tsokar cinya yana danna bayan gwiwa ƙasa, ya ƙirga biyar ya saki. Ya yi ta maimaitawa safe da yamma, sannan ɗaga ƙafa a miƙe. In ta kumbura, ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, ƙafa a sama. In ta maƙale ta ƙi miƙewa kada ku jira ranar, ku tafi a lokacin. Ku riƙe hoton ƙashin da aka yi, kuma Koci ka bi su da kanka, don kai ka ga yadda ya faɗi, likita zai tambaya.

Kocin Kurna: In sha Allahu da ni za a je. Hajiya Malama, don Allah ki turo min bidiyon atisayen nan ta akwati, gobe Asabar da manyan zan fara.